Kalmar "Fansa": Ma'anarta, Hukuncinta, da Yadda Ake Amfani da Ita a Hanyar Sabha

  

Da wuya a samu masallacin Juma'a a ƙasar Hausa, daga Kano zuwa Damagaram, wanda ba a taɓa miƙewa bayan sallama an nemi taimakon "kuɗin fansa" a cikinsa ba. Wani lokaci wanda aka kama yana dajin Zamfara ko na Birnin Gwari. Wani lokaci kuma yana can bayan hamada, a garin Sabha na kudancin Libiya, kuma 'yan uwansa ba su da komai a hannu sai muryarsa da suka ji a waya yana kuka. A irin wannan hali jama'a kan yi ta tambaya: shin halal ne a biya? Ana iya ba da zakka a ciki? Wanda ya biya wa wani, zai iya neman a mayar masa? Idan masu riƙe da shi sun ce bashi ne suke bi, shin bashin ne?

Amsar waɗannan tambayoyi tana farawa daga fahimtar kalmar kanta. Don haka za mu bi ta daki-daki: yadda Bahaushe yake amfani da ita, abin da ta yi daidai da shi a littattafan fiƙihu, sannan yadda ake juya ta a yau a kan hanyar Agadas zuwa Sabha.

Ma'anar kalmar a bakin Bahaushe

Asalin ma'anar fansa ita ce a ba da wani abu domin a kuɓutar da wani abu da ya fi shi daraja. Ana cewa "ya fanshi ɗansa", "an fanso shi", "ta fanshi kanta". A karin harshen yamma, wajen Sakkwato da Katsina da Maraɗi, za ka ji ana cewa "hwansa". A duk waɗannan jimloli, wanda ake danganta aikin gare shi shi ne mai bayarwa. Ba a cewa ɓarawo ya fanshi mutum. Uba ne yake fansa, ɗan uwa ne yake fansa, jama'a ce take fansa. Wanda ya kama mutum kuwa, sai dai a ce ya "nemi" fansa ko ya "karɓi" fansa. Wannan bambanci na nahawu ƙarami ne, amma a kansa hukuncin ya ginu, kamar yadda za mu gani.

Saboda darajar kalmar, Hausawa sun ɗauke ta sun kai ta wuraren da kalmar "saye" take da nauyi a baki. Magabata ba su cewa sun sayi Alƙur'ani, sai dai su ce sun fanshe shi, ko sun ba da hadiyarsa. Har yau mutum kan ce wa abokinsa "ka fansar mini da wannan agogo", don kada maganar ta yi kama da cinikin kasuwa. Akwai kuma amfani da ita wajen nuna matuƙar ƙauna, kamar yadda Musulmi yake cewa ransa fansa ne ga Manzon Allah (SAW), wato ya yarda a ɗauki nasa a bar na wanda yake so.

Sai ma'ana ta daban, wadda ɗalibai ya kamata su kiyaye kada su gauraya ta da ta farko: "ɗaukar fansa", wato ramuwar gayya. Wanda ya ɗauki fansa ya rama abin da aka yi masa ne. Wanda ya biya fansa kuwa ya ceci rai ne.

Kalmomin da suke maƙwabtaka da ita

Hausa tana da sunaye da yawa na kuɗin da ake neman mutum ya biya, kuma kowanne da gurbinsa.

Haraji ya samo asali ne daga kalmar Larabci kharaj, wadda a fiƙihu take nufin abin da ake sanya wa ƙasar noma. A Hausa ta faɗaɗa ta zama duk abin da hukuma take karɓa. Jangali harajin shanu ne. Jiziya ita ce abin da wanda ba Musulmi ba yake biya a ƙarƙashin amanar daular Musulunci. Diyya kuɗin jini ne da ake biyan wanda aka ji wa rauni ko magadan wanda aka kashe. Kaffara ita ce abin da mutum yake yi don goge wani saɓo, kamar karya rantsuwa ko karya azumi da gangan. Tara hukunci ne na kotu ko na hukuma. Rashawa, ko cin hanci, ko toshiyar baki, abin da ake bayarwa ne don a karkatar da gaskiya.

Akwai kuma maksu, kalmar da malaman fiƙihu suke amfani da ita ga kuɗin da ake tare 'yan kasuwa da matafiya a karɓa ba bisa haƙƙi ba. Girman laifinsa ya bayyana a hadisin matar nan Bagamidiya da Imamu Muslim ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya auna girman tubarta da cewa ko mai karɓar maksu ne ya yi irinta da an gafarta masa. Ba a yin irin wannan awo sai da babban zunubi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kansu, domin suna karɓar su ba tare da Shari'a ta ɗora su ba.

Darasin da yake cikin wannan jeri shi ne, azzalumi kullum yana neman suna mai kyau ya lulluɓe abin da yake karɓa. 'Yan bindiga a Zamfara da Katsina suna kiran abin da suke ɗora wa ƙauyuka kafin noma ko girbi "haraji". Mai tare hanya yana kiran nasa "na goro" ko "na shan ruwa". A Sabha kuwa, sunan da aka fi fakewa da shi shi ne "bashi".

Fansa a Alƙur'ani da Sunna

Kalmar Larabci da ta yi daidai da fansa ita ce fidya ko fida'u, kuma ta zo a wurare da dama.

Ta zo a ƙissar Annabi Ibrahim (AS), a Suratus Saffat aya ta 107, inda Allah Ya fanshi ɗansa da abin yanka mai girma. Wannan shi ne tushen layyar da muke yi kowace shekara.

Ta zo a babin azumi, a Suratul Baƙara aya ta 184. A mazhabar Malikiyya, ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana mustahabbi ne ga tsohon da ba ya iya azumi, wajibi ne kuma ga wanda ya yi sakaci da ramuwa har wani Ramadan ya shigo. Ta zo a babin aikin Hajji, a aya ta 196 ta wannan sura, ga mai harami da ya aske kansa saboda lalura: ya yi azumin kwana 3, ko ya ciyar da miskinai 6, ko ya yanka akuya ko tunkiya, kamar yadda hadisin Ka'abu ɗan Ujra ya fayyace. A waɗannan wurare biyu Hausawa sun fi riƙe kalmar Larabcin, suna cewa "fidiya".

Ta zo a babin aure, a aya ta 229, inda aka halatta wa mace ta fanshi kanta daga auren da ba za ta iya tsayar da haƙƙinsa ba. Wannan shi ne khul'i, kuma misalinsa sananne shi ne matar Sabitu ɗan Ƙaisu da ta mayar masa da gonarsa.

Ta zo kuma a babin yaƙi, a Suratu Muhammad aya ta 4, inda aka ba shugaba zaɓin sakin fursunan yaƙi kyauta ko karɓar fansa. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, an kama mutum kusan 70. Masu hali sun biya daga dirhami 1,000 zuwa 4,000, an saki wasu ba tare da komai ba, wasu kuma fansarsu ita ce koya wa yaran Madina rubutu. Wannan ita ce kaɗai fuskar da Shari'a ta halatta karɓar fansa a kan mutum: fursunan yaƙi na halal, a hannun shugaba na halal. Babu wani mai mota, ko mai gida, ko mai bindiga a daji da yake shiga cikin wannan aya.

Ta ɓangaren mai bayarwa kuwa, nassoshi sun yi yawa. Suratul Balad ta sanya 'yanta wuya cikin ayyukan da ake haye tudun wahala da su. Aya ta 177 ta Baƙara ta sanya shi cikin siffofin masu ɗa'a. Bukhari ya ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da kuɓutar da kamamme, tare da ciyar da mai yunwa da gaida mara lafiya. Sayyidina Abubakar (RA) da dukiyarsa ya fanshi Bilal daga azabar Umayya ɗan Khalaf.

Tsohuwar alaƙar kalmar da hanyar Fezzan

Sabha ita ce babban birnin yankin Fezzan a yau, tana kudu da Tarabulus da nisan da ya haura kilomita 700 a mota. Kafin ita, Murzuk ce cibiyar yankin, kuma ta nan ayarin raƙuma suke bi tsakanin Tarabulus da Barno da ƙasar Hausa. Unguwannin Kano irin su Dandalin Turawa da Alfindiki shaida ne na wannan ciniki. Ayarin suna ɗaukar fatu da tufafi da gashin jimina da hauren giwa, suna kuma ɗaukar bayi.

Cikin waɗanda ake korawa arewa akwai 'ya'ya Musulmi da aka kama ba bisa haƙƙi ba, kuma malamai ba su yi shiru ba. A shekarar 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'ud, yana amsa tambayoyin mutanen Tuwat, inda ya ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda ba ya halatta a bautar da mutanensu, ya kuma bayyana cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne. Shugabannin jihadin Sakkwato sun nanata haramcin bautar da ɗa Musulmi, kuma fanso kamammu ya zama sanannen aiki a daular. A littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, tsohuwar ta ba da labarin yadda mahara suka kwashe mata da yara na danginta, aka bi sawu, aka tara wuri aka fanso su.

A wancan zamani akwai kalmomi biyu da suke tafiya tare. Murgu shi ne abin da bawa yake biyan ubangidansa lokaci-lokaci don a bar shi ya yi sana'arsa. Fansar kai ita ce jimillar da yake biya ya zama ɗa, irin abin da fiƙihu yake kira mukataba a Suratun Nur aya ta 33. An soke bauta a dokar Arewacin Nijeriya a 1936, kuma da yawa sun zaci waɗannan kalmomi sun koma littattafan tarihi. Abin da ya faru a Libiya bayan 2011 ya dawo da su bakin mutane.

Gidan bashi

Bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, ikon hukuma ya yi rauni ƙwarai a kudancin Libiya. Sabha ta sha faɗan ƙabilanci, musamman tsakanin Awlad Sulaiman da Tubawa a 2012 da 2014, kuma unguwanni da hanyoyi suka koma hannun ƙungiyoyi masu makamai. A daidai wannan lokaci hanyar Agadas ta cika da matafiya. Motoci ƙirar Hilux suna tashi daga Agadas, su bi ta Dirku da Madama, su ƙetare iyaka a Tummo, su wuce Gatrun, su sauke a Sabha, tafiyar da ta haura kilomita 1,500 cikin rairayi. Wasu Turai suke nufi. Yawancin Hausawa kuwa, na Nijar da na Nijeriya, aikin ƙarfi suke zuwa nema a Libiya kanta: gini, gona, gadi, ɗinki, aikatau.

A kan wannan hanya ana karɓar kuɗi iri uku, kuma ya kamata a rarrabe su. Na farko kuɗin mota, wanda aka yi ciniki a kansa. Na biyu abin da ake karɓa a shingayen hanya, waɗanda Libiyawa suke kira bawwaba; su da kansu suna kiran wannan kuɗi itawa, kuma shi ne maksun da muka ambata. Na uku shi ne wanda ya haifar da sunan da Hausa ta ba wa wannan masifa: gidan bashi.

Ga yadda abin yake gudana. Dillali yana samun matashi a garinsu ko a tasha, ya ce masa ba sai ya biya komai yanzu ba, idan ya isa ya fara aiki sai ya biya. Wani kuma ya biya kuɗinsa cif, amma dillalin bai miƙa wa direba ba. Idan an isa Sabha, sai direba ya ce ba a biya shi ba, ya miƙa fasinjan ga mai wani gida, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Daga wannan lokaci "bashin" ya koma hannun mai gida, kuma ya ninka. Ana kulle mutum, a karɓe takardunsa, a ba shi waya ya kira gida, a riƙa dukansa yayin da uwarsa take saurare. Idan kuɗi bai zo ba, a sayar da shi ga wani gidan, farashi ya sake hawa. Mata kuwa sukan fuskanci abin da ya fi duka muni.

A watan Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, wato IOM, ta fitar da shaidar wani ɗan Senegal da aka kai wani filin ajiye motoci a Sabha inda ake cinikin mutane. An tsare shi a wani gida tare da mutum sama da 100, aka nemi jaka 300 ta sefa a kansa. Da ya kasa biya aka sayar da shi ga wani, kuɗin ya koma jaka 600. A watan Nuwamba na wannan shekara tashar CNN ta nuna hoton bidiyo na gwanjon mutane a Libiya a kan dala 400, abin da ya girgiza duniya, ya sa ƙasashen Afirka ciki har da Nijeriya da Nijar suka kwaso dubban 'yan ƙasarsu. A 2018 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sanya takunkumi a kan mutum 6 saboda safarar mutane a Libiya. A watan Maris na 2023 kwamitin binciken Majalisar ya bayyana cewa akwai dalilan da suke nuna an aikata laifukan cin zarafin bil'adama a kan baƙin haure a ƙasar. A watan Maris na 2024 kuma aka gano kabari guda mai gawarwaki aƙalla 65 a yankin Shuwairif, a kan hanyar da ta tashi daga Sabha zuwa arewa.

Abin da yake ƙara ɗaure wanda aka kama shi ne dokar Libiya mai lamba 19 ta 2010, wadda ta mayar da shiga ƙasar ba bisa ƙa'ida ba laifi. Wanda ya shiga ta hamada ba takarda yana tsoron hukuma kamar yadda yake tsoron mai gidan. A ɓangaren Nijar, dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa direbobi suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi masu haɗari, sannan aka soke ta a watan Nuwamban 2023.

Adalci ya wajabta mu faɗi cewa wannan ba halin mutanen Sabha ba ne baki ɗaya. Garin Musulmi ne, mai masallatai da makarantun allo da jami'a, kuma 'ya'yansa ma sun sha fama da masu satar mutane. Hausawa da yawa sun zauna a can shekara da shekaru suna sana'arsu lafiya. Kuma dole mu faɗi ɗaya gaskiyar mai ɗaci: da ɗan gari akan ci gari. Sunan gidan bashi da Hausa yake, domin a cikin dillalai da masu gadi da masu tafinta da masu karɓar kuɗin a asusunsu akwai masu jin yarenmu.

Shin bashi ne?

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma Musulmi yana jin nauyin bashi ƙwarai. Wannan nauyi ne masu gidajen suke amfani da shi. To bari mu auna da ma'aunin Shari'a.

Idan mutum ya yi ciniki da direba a kan wani adadi, aka kai shi, bai biya ba, wannan adadin yana wuyansa. Iyakar abin da yake bashi ke nan. Duk abin da aka ɗora a kai saboda jinkiri riba ce. Wanda ba shi da halin biya, Suratul Baƙara aya ta 280 ta ce a jinkirta masa har ya samu. Tsare mutum saboda bashi, a inda ya halatta, aikin alƙali ne a kan mawadacin da yake taurin bashi, ba aikin mai bin bashi ba. Ɗa ba ya zama jingina, ba a sayar da shi, ba a miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Iyaye da 'yan uwa kuma ba su da alhakin bashin baligi sai idan sun tsaya masa lamuni.

Saboda haka abin da ake karɓa a gidan bashi ba bashi ba ne. Dukiya ce da aka ƙwata da makami da azaba, kuma sunanta a fiƙihu hiraba, wato fashi, wadda hukuncinta ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 33. Imamu Malik yana ganin hiraba tana tabbata a cikin gari kamar yadda take tabbata a daji. Jumhurun malamai kuma, ciki har da Malikiyya, suna ba mai taimaka wa ɗan fashi hukuncin ɗan fashin. Wanda ya yaudari yaro ya miƙa shi, da wanda ya riƙe ƙofa, da wanda ya ba da lambar asusunsa a Kano ko Agadas yana sane, su duba matsayinsu. Zartar da hukunci aikin hukuma ne, amma zunubin ba ya jiran kotu.

Hukuncin mai biya

Ƙa'idar malamai ita ce, abin da mutum ya bayar don ya tunkuɗe zalunci daga kansa ko daga ɗan uwansa halal ne gare shi, haram ne ga mai karɓa. Uwar da ta sayar da akuyoyinta, da uban da ya jinginar da gonarsa, ba su yi laifi ba. Sun yi fansa a ma'anarta ta asali.

An ruwaito daga Imamu Malik cewa wajibi ne a kan Musulmi su fanshi kamammunsu ko da hakan zai cinye dukiyarsu. Littattafan mazhaba, kamar Mukhtasar na Shehu Khalil, sun jera wanda nauyin yake kansa: da farko baitulmali, idan bai samu ba sai dukiyar jama'ar Musulmi, sannan dukiyar shi kamammen. Wannan jeri yana nuna cewa barin iyali su kaɗai da wannan kaya juya tsarin ne a kife. Hukuma ce ta farko, kuma nauyinta bai tsaya ga kuɗi ba: tsare hanya, kama masu laifi, da neman 'yan ƙasa ta hanyar ofisoshin jakadanci duk suna ciki.

Game da zakka akwai saɓani. Mashhurin zance a Malikiyya, wanda shi ne na Ibnul Ƙasim da Asbag, shi ne ba a fansar kamamme da zakka, domin suna fassara kason 'yanta wuyaye na Suratut Tauba aya ta 60 da sayen bawa a 'yanta shi. Ibnu Habib ya halatta, yana ganin wuyan ɗa Musulmi da yake hannun azzalumi ya fi cancanta, kuma wannan ne ra'ayin Hanbaliyya. Mafi kuɓuta shi ne a fara da sadaka da gudummawa. Idan iyali sun ci bashi don su biya, sun shiga kason mabarta, kuma ba su zakka a wannan fuska ba shi da matsala.

Wanda ya fanshi wani da kuɗinsa yana da damar neman a mayar masa, idan bai yi niyyar sadaka ba kuma babu hanyar kuɓuta sai ta biyan. An togace muharrami da miji ko mata: wanda ya fanshi ɗayansu yana sane da shi ba ya komawa kansa da kuɗin, sai idan kamammen ne ya umarce shi ya kuma ɗauki alkawarin biya.

Akwai damuwa ta gaskiya da ba za mu ɓoye ba: kowace fansa da aka biya tana ƙarfafa masu wannan sana'a. Wannan tunani ne ya sa Majalisar Dattawan Nijeriya ta amince da wani ƙudiri a watan Afrilun 2022 mai tanadin ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa, abin da ya jawo muhawara mai zafi. Fahimtarmu ita ce, cutar da take tabbatacciya a kan ran da yake hannu ana gabatar da ita a kan wadda ake tsammani, kuma wanda ya kasa tsare mutum bai kamata ya hukunta uwarsa don ta cece shi ba. Maganin yana wurin toshe hanyar kamun tun farko.

Abin da ya rage a kanmu

Kwamitin masallaci da aka kawo wa irin wannan kuka ya fara da tabbatarwa, domin akwai masu ƙirƙirar labarin kamu don su ci kuɗin jama'a. A ji muryar wanda aka kama, a tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani. A wakilta mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙa magana, a rubuta abin da aka tara da abin da aka fitar. A sanar da hukuma: a Nijeriya akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda take da ofisoshi a Kano da Sakkwato, a Nijar ma akwai hukumar da take wannan aiki, kuma IOM tana taimaka wa masu son komowa gida. A ajiye lambobin waya da na asusun da aka yi amfani da su, domin ta nan ake kama na gida.

Wanda ya dawo kuma a karɓe shi da mutunci. Kada a yi masa gorin gonar da aka sayar, kada a tsangwami macen da aka zalunta. Wanda aka tilasta ba shi da laifi.

Limamai da malaman makarantu su faɗa wa matasa magana ɗaya a sarari: duk wanda ya ce zai kai ka Libiya ba ko sisi, ka biya daga baya, to kai ne kuɗin. Neman halal a wata ƙasa ba laifi ba ne, kakanninmu sun yi fatauci har Tarabulus da Gwanja. Amma jefa kai a hannun wanda ba ka sani ba, a ƙasar da ba ka da mai tsaya maka, ba tawakkali ba ne.

A ƙarshe mu kiyaye harshenmu. Kada mu ce "ya biya bashinsa" ga wanda aka azabtar, kada mu ce "harajin" 'yan bindiga kamar wani haƙƙi ne suke da shi. Mu kira mai bayarwa mai fansa, mu kira mai karɓa ɗan fashi, domin yaran da suke saurarenmu daga bakinmu suke koyon abin da yake halal da abin da yake haram.

Allah Ya kuɓutar da duk wanda yake tsare a hannun azzalumai, a Sabha da dazukanmu da ko'ina. Ya saka wa waɗanda suka ba da dukiyarsu don ceton rai, Ya shiryi masu wannan aiki ko Ya kare bayinSa daga sharrinsu. Allah ne Mafi sani.